Kunkurun Gidanku, Namiji Ne Ko Mace?



Abin da ya jawo wannan rubutu wata 'yar gardama ce da ta tashi a aji huɗu ranar wata Lahadi, muna cikin darasin Larabci, babin muzakkar da mu'annas. Na rubuta kalmar sulahfa a allo, na ce ma'anarta kunkuru, na kuma ce Larabawa suna ɗaukar kalmar a matsayin ta mace ko da dabbar namiji ce, in suna son su ware namijin sai su ce gailam. Sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai mu ma muna da irin wannan. Kunkuru shi ne mijin, kififfiya ita ce matar." Kafin in buɗe baki rabin aji sun ce haka ne. Wata yarinya daga baya ta ce sam ba haka ba ne, domin kunkurun kakarta, wanda shekara da shekaru ake kira da sunan namiji, bara ya tona gindin bishiyar lemo ya zuba ƙwai goma sha bakwai. Aji ya kaure, aka tashi ba a gama babin ba. Na yi musu alkawarin amsa, to ga ta.

Yarinyar nan ita ke da gaskiya. Kunkuru dabam, kififfiya dabam, kamar yadda kaza take dabam da agwagwa. Kunkuru na tudu ne, ƙoƙon bayansa a tashe, ƙafafunsa gajeru masu kauri kamar na giwa. Kififfiya ta ruwa ce, ƙoƙonta a kwance, tsakanin yatsunta da fata don iyo. Kowannensu yana da mazansa da matansa. Harshe ne ya yaudare mu. Muna cewa kura "ta" zo, shirwa "ta" ɗauki ɗan tsako, hankaka "ya" tashi, amma babu mai hankalin da zai ce duk kurayen daji mata ne, ko duk hankakin gari maza ne. Suna ba ya gaya maka komai a nan, sai ka duba jikin dabbar.

Wataƙila wani uba ya ce, to Malam mene ne fa'idar wannan bincike? Bari in ba ku labarin wani maƙwabcina. Ya je wata kasuwar ƙauye ya sayo manyan kunkuraye biyu, mai sayarwa ya rantse masa miji da mata ne, hujjarsa kuwa ɗaya ya fi ɗaya girma. Ya kawo su gida yana lissafin 'ya'yan da za su tara masa. Kullum sai a ji ƙwas-ƙwas a bayan ɗaki, babban yana tunkuyin ƙaramin, mutanen gida suna dariya wai faɗan miji da mata ne. Ran nan cikin bazara aka tafi biki tun hantsi, ba a dawo ba sai la'asar. Aka tarar da ƙaramin rigingine a tsakar gida, ƙafafu a sama, rana ta gama da shi. Da na je na duba gawar, na duba mai ran, duka biyun maza ne. Da ya san abin da zan faɗa muku yanzu, da katangar bulo ɗaya ta tsirar da ran dabbar nan da kuɗinsa. Wanda ya tsare dabba a gidansa, ya hana ta daji, haƙƙinta ya hau wuyansa, kuma ba ka iya sauke haƙƙin abin da ba ka san ko mene ne ba.

Kafin alamomi, a san irin wanda ake magana. Wanda aka fi ajiyewa a gidajenmu shi ne babban kunkurun nan mai launin rairayi, mai 'yan ƙayoyi biyu ko uku a bayan kowace cinya, wanda masana ke kira sulkata. Ɗan ƙasarmu ne. Mazauninsa ya faro daga Senegal da Muritaniya, ya ratso Mali da Burkina Faso da Nijar da arewacin Nijeriya da Chadi da Sudan, har Iritiriya da Habasha. A duk kunkurayen tudu na duniya shi ne na uku a girma, waɗanda suka fi shi biyu ne kawai, su kuwa a tsibirai suke, Galapagos da Aldabra. Sai ƙaramin nan da manoma kan tsinta da damina, wanda bai cika wuce santimita 20 da 'yan kai ba, mai wata gaɓa a ƙoƙon bayansa da yake rufe ƙafafun baya da ita kamar ƙyauren ƙofa. Sai kififfiyar kududdufi, mai lanƙwasa wuya gefe ɗaya in ta tsorata, mai sakin wani wari in an kama ta, wadda ke nutsewa cikin taɓo da rani ta jira ruwan sama. Yawancin bayanina a kan babban ne, inda sauran suka saɓa zan faɗa.

Alamar da na fi yarda da ita ita ce wutsiya, kuma ita ce mutane suka fi mantawa da ita, don ba a ɗauka kunkuru yana da wata wutsiyar kirki ba. Ku zauna a bayansa lokacin da yake tafiya ko yake cin ciyawa, ya saki jiki. Wutsiyar mace 'yar guntuwa ce, dunƙulalliya, kamar kan babban yatsa, tana kallon ƙasa. Ta namiji doguwa ce, gindinta da kauri, har saboda tsawonta yakan naɗe ta gefe ɗaya ya kwantar da ita a jikin cinya don kada ta ja ƙasa. In kun ga wutsiya a karkace gefe har tana neman taɓa ƙafa, galibi namiji kuke kallo.

Dalilin wannan bambanci yana da sauƙi, kuma babu kunya a faɗe shi tunda ilmi ake nema. Kunkuru kamar kaza yake, mafita ɗaya gare shi a ƙarƙashin wutsiya. Ta nan kashi ke fita, ta nan fitsari, ta nan ƙwai. Gaban namiji a ɓoye yake a ciki, a gindin wutsiya, shi ya sa wurin ya yi kauri, kuma shi ya sa duk juyin da za ka yi wa dabbar ba za ka ga abin da kake gani ga rago ko bunsuru ba. To ku lura da inda wannan mafita take. Ta mace tana kusa da jiki, daf da gindin wutsiya, 'yar zagayayya. Ta namiji ta yi nisa da jiki, ta gangara wajen ƙarshen wutsiya, kuma doguwar tsaga ce. Wannan ƙa'ida ta wutsiya da mafita ta game kusan duk dangin, na tudu da na kududdufi da na teku. Namijin kunkurun teku ma wutsiyarsa takan zarce ƙoƙo da nisa, ana hango ta yana iyo.

Wata rana kuna iya zuba wa kunkuru ruwa, ko ku same shi cikin taɓo, ku ga wani abu baƙi-baƙi mai ruwan makuba ya fito ta ƙarƙashin wutsiya. Mata da yawa sukan yi salati su ce hanjinsa ya zazzago ko basir ne. A'a, namiji ne ya bayyana kansa, kuma babu hujjar da ta fi wannan ƙarfi. A ƙyale shi, kada yaro ya sa tsinke ko ya ja, zai koma da kansa cikin 'yan mintoci. In ya wuni a waje yana jan ƙasa, wannan kam ciwo ne, a jiƙa tsumma mai tsabta a rufe wurin, a nemi likitan dabbobi.

Alama ta biyu tana ƙoƙon ciki, wato farantin nan da yake jan ciki a kansa. Na mace a shafe yake sumul kamar allon karatu. Na namiji ya lotsa ciki daga tsakiya zuwa baya, kamar cikin faifai ko tafin hannu. Hikimar a fili take. Bayan mace a dunƙule yake kamar ƙwarya a kife, to in cikin namiji a shafe yake yaya zai tsaya a kai lokacin barbara? Sai ya zame. Ita kuwa macen tana bukatar fili a ciki don ƙwai, ba ta da wurin da za ta bayar a lotsa. Ga yadda za ku gwada ba tare da musu ba: ku ɗora gefen rula a gicciye a kan ƙoƙon cikin. In rular ta zauna daram, babu rata, a shafe yake. In gefe da gefe ne kawai suka taɓa, tsakiya kuna hango haske ta ƙarƙashi, ya lotsa. Ga tsohon namiji ba a ma bukatar rula, kwarmin yana iya riƙe ruwa.

A nan sai na ja kunnenku game da yadda ake dubawa, ku yara maza musamman. Huhun kunkuru a sama yake, manne da ƙoƙon baya. In aka kwantar da shi rigingine, kayan cikinsa duka sai su danne huhun, numfashi ya yi masa wuya, in kuma a rana ne zafi ya ƙarasa shi. Abin da ya kashe na maƙwabcina ke nan. Saboda haka a inuwa ake dubawa, mutum biyu, ɗaya ya ɗaga gefe ɗaya a hankali, ɗaya ya leƙa, a mayar da shi ƙasa kafin a ƙirga talatin. Ba a ɗaga shi ta wutsiya ko ta ƙafa, ba a kuma juya shi kamar waina. Babba mai nauyi ba sai an ɗaga ba, a zura hannu ta ƙarƙashi a shafa, a kula da yatsu kada ya datse su tsakanin ƙafa da ƙoƙo. In ya tsorata yakan saki ruwa mai yawa. Yara suna dariya wai ya yi fitsari, alhali guzurin ruwan da ya tara ne don rani ya zubar, saboda haka a ajiye masa ruwa a faranti bayan an gama.

Akwai alama ta uku da ɗalibin Islamiyya zai fi kowa saurin ganewa. Ƙoƙon ciki an raba shi gida-gida. Gida biyu na ƙarshe, waɗanda ke ƙarƙashin wutsiya, suna barin wata 'yar ƙofa a tsakaninsu. Ta namiji tana kama da lambar bakwai ta Larabci da aka buɗe bakinta sosai, ƙahonin biyu sun watsu hagu da dama don wutsiya ta sami wurin motsi. Ta mace ta fi zagaye, kamar nun-arau, kuma ratar da ke tsakaninta da leɓen ƙoƙon baya tana da faɗin da ƙwai zai wuce. Amma ni ban cika dogara da wannan ita kaɗai ba. Na ga waɗanda ƙofarsu ba bakwai ba ce ba kuma nun ba, tana tsaka-tsaki. Shaida ce mai ƙarfafa wata, ba a yanke hukunci da ita.

Sai ku zagayo gaba. Ƙarƙashin wuyan babban kunkurun nan ƙoƙon ciki ya zarto waje kamar bakin gwafa. Mace ma tana da shi, amma gajere. Na namiji dogo ne, mai kauri, ya ɗan tanƙwaro sama, kuma makaminsa ke nan. In maza biyu suka haɗu sai kowanne ya janye kai, ya zabura, ya nemi zura gwafar nan ƙarƙashin ɗan'uwansa ya birkice shi. Masu karin magana sun ce kunkuru yana son dambe ba shi da yatsa. Da sun tsaya sun kalli maza biyu a ƙarshen damina, da sun san kokawa ce sana'arsa. A daji wanda aka fi ƙarfi yakan gudu ya bar wurin. A tsakar gida mai katanga ina zai gudu?

Girma kuwa, wanda mai sayarwar nan ya kafa hujja da shi, shi ne ya fi kowace alama ruɗi. Gaskiya ne ga babban kunkurunmu namiji ya fi mace. Cikakken namiji yakan wuce nauyin buhun siminti, wato kilo 50, an ma sami waɗanda suka doshi kilo 100, mace kuwa takan tsaya ƙasa da haka sosai. Amma wannan sai in shekarunsu ɗaya, abincinsu ɗaya. Namiji ɗan shekara takwas kusa da namiji ɗan shekara ashirin, ai dole ɗaya ya zama "matar" a idon mai son ciniki. Ga ƙaramin nan mai ƙyaure kuma abin ya juya, macen ce takan fi girma, haka ma yawancin kififfiyoyin duniya.

Yanzu ga maganar da ba za ta yi wa wasunku daɗi ba. Duk alamomin nan sai dabba ta girma suke fitowa. Ɗan kunkuru da bai wuce tafin hannu ba, cikinsa a shafe, wutsiyarsa 'yar guntuwa, gwafarsa ba ta fito ba, wato kowane jariri kama da mace yake. Ga babban irin nan, sai tsawon ƙoƙon baya ya kai rular makaranta, santimita 30, ko ya ɗan wuce, sannan namiji zai fara rabuwa da mace. Wannan kuwa shekaru ne, sannu ba ta hana zuwa. Wanda ake ciyarwa sosai a gida yana iya kaiwa cikin shekara biyar ko shida, na daji yakan daɗe fiye da haka nesa ba kusa ba. Shi ya sa za ka ji an raɗa wa kunkuru sunan mace yana ƙarami, bayan shekara bakwai wutsiya ta tsiro, ciki ya lotsa. Duk wanda ya miƙo maka 'yan jarirai biyu ya ce ga miji ga mata, ko dai bai sani ba ko ya sani. Likitocin dabbobi a inda ake da kayan aiki suna iya ganewa tun suna ƙanana, ta gwajin jini ko ta zura wata siririyar na'ura mai ido a cikin jiki, amma wannan ba aikin tsakar gida ba ne.

Wani ɗalibi ya nuna mini a wayar babansa wai ana gane namiji da dogayen farata da jan ido. Maganar tana da asali, sai dai ba a kan namu aka yi ta ba. Akwai wata kififfiya ta Amurka mai jan zane a bayan ido, wadda ake sayarwa a shagunan dabbobi a ƙasashe da yawa. Ita ce namijinta ke da dogayen faratan gaba, yana kaɗa su a fuskar mace in yana nemanta. Jan ido kuma na wani ƙaramin kunkuru ne na gabashin Amurka, namiji ja, mace ruwan ƙasa. In ka ɗauko wannan ma'auni ka auna namu, ka ɓata.  Haka nan ƙayoyin cinya ba alama ba ce, maza da mata duk suna da su. Hawa ma ba cikakkiyar hujja ba ce, domin namiji yakan hau namiji, mace takan hau mace, don nuna fin ƙarfi. Abin da nake ba da shawara shi ne a haɗa shaida uku, wutsiya da mafita da ƙoƙon ciki. In suka yi ittifaƙi, a yanke. In suka saɓa, dabbar ba ta gama girma ba, a sake dubawa baɗi.

To an gane mace ce, sai me? A nan ne iyaye mata za su ba ni hankalinsu. Macen kunkuru in ta balaga tana iya yin ƙwai ko babu namiji, kamar kajin gidan gona da ke zuba ƙwai kullum ba su taɓa ganin zakara ba. Irin wannan ƙwai babu ɗa a ciki. Abin da ya fi wannan ban mamaki, macen da ta taɓa haɗuwa da namiji tana iya ajiye irinsa a jikinta. Kaza ma tana yi, amma nata sati biyu ne zuwa uku. Kunkuru kuwa shekara biyu, uku, a wasu ire-iren har huɗu. Saboda haka in aka kawo muku mace daga daji, ta shekara biyu ita kaɗai a gida, ran nan kuka ga 'yan jarirai suna fitowa daga ƙasa, kada a ce aljanu ne ko wani abin tsoro ya sauka a gidan. Guzurinta ta zo da shi. Da ma camfe-camfen da ake jingina wa dabbar nan sun yi yawa, wai tana kore sammu, wai tana tsare gida. Dabba ce mai cin ciyawa, ba ta tsare ko kanta daga rana ba.

Haɗarin da ke kan mace shi ne ta rasa inda za ta zuba ƙwai. Babbar nan galibi bayan damina ake barbararta, bayan kamar wata biyu ta nemi wuri, ta zuba ƙwai 15 zuwa 30, farare, zagayayyu. In lokaci ya yi za ku ga ta ƙi abinci, tana zirga-zirga a bin katanga, tana sansanar ƙasa, tana tono nan ta bari ta koma can. Ku lura da ƙafar da take aiki da ita. Ramin kwana da ƙafafun gaba ake haƙa shi, maza da mata duk suna yi. Ramin ƙwai kuwa da ƙafafun baya take ƙarasa shi, ɗaya bayan ɗaya, ba ta ko waiwaya, takan kuma jiƙa ƙasar da ruwan jikinta don ta yi laushi. To gidajenmu na yanzu duk an shafe tsakar gida da siminti. Macen da ba ta sami ƙasa ba sai ta riƙe ƙwan a ciki, sati ya wuce, wata ya wuce, ta kwanta, ƙafafun baya su mutu, daga nan sai a ce ai tsufa ne ko an yi mata baki. Maganin abin tun farko shi ne a bar mata wani lungu mai ƙasa da rairayi, mai zurfin da ya kai gwiwa, inda rana ke taɓawa da safe. A riƙa daka ɓawon ƙwan kaza da aka tafasa a barbaɗa mata a ciyawa, domin da sinadarin ƙashi take gina ɓawon nata ƙwan, in ba ta samu a abinci ba daga ƙashinta za a cira. In ta yi kwanaki tana yunƙuri babu abin da ya fito, asibitin dabbobi, hoton ƙashi yana nuna ƙwan ɗaya-ɗaya.

Ko miji da mata na gaskiya ne, kada a bar su wuri ɗaya kullum. Namiji ba ya gajiya, zai yi ta binta yana tunkuyi yana gurnani har ya fasa mata gefen ƙoƙo ko ya hana ta kiwo. A raba su da katanga wadda ba ya hango ta, mai tushe a ƙasa don gwanin tono ne.

Ba ta kwanci kamar kaza. Ta rufe ramin, ta daddaɓe, ta yi tafiyarta, ɗumin ƙasa ne ke ƙyanƙyashewa bayan watanni, a daji har wata takwas yakan kai. Na karanta a wasu tsofaffin littattafan Larabci na dabbobi cewa wai da kallo take ƙyanƙyasar ƙwanta, tunda cikinta ƙoƙo ne marar ɗumi. Sun lura daidai cewa ba ta kwanci, dalilin ne ya kuɓuce musu. In dole ta sa ku kwashe ƙwan, ku yi wa saman kowanne alama da fensir, ku ajiye shi yadda kuka same shi. Ƙwan kaza ana juya shi, na kunkuru in aka juya bayan ɗan ya kama sai ya mutu.

Wannan ɗumin ƙasa yana yin wani aikin da ya fi ƙyanƙyasa. Ga mutum da rago da kaza, tun ranar da ciki ya shiga an gama rubuta namiji ne ko mace. Ga yawancin kunkuraye kuwa ƙwai yana shiga rami ba a yanke ba tukuna, zafin ramin a tsakiyar kwanakin ne ke karkatar da shi. Rami mai zafi ya ba da mata, mai sanyi-sanyi ya ba da maza. Ga kunkurun teku mararrabar tana wajen digiri 29 a ma'aunin zafi, ƙasa da 27 kusan duk maza, sama da 31 kusan duk mata. Ƙwan da aka binne a gindin bishiya da wanda aka binne a fili, uwa ɗaya, suna iya bambanta. Kun san inda aka fara gano wannan sirri? A Dakar ta Senegal, a shekarar 1966, wata masaniya Bafaranshiya mai suna Madeleine Charnier ta gan shi a ƙwan ƙadangaren nan mai jan kai da ke gyaɗa mana kai a katangar makaranta, sai dai ga ƙadangaren ƙwan da ya fi samun ɗumi shi ya ba da maza. A farkon shekarun 1970 wani ɗan ƙasarsu, Claude Pieau, ya tabbatar da abin ga kunkuru. Ba duka dangin ne ke bin wannan ba, kififfiya mai taushin ƙoƙo ta manyan koguna tata tun farko a yanke take kamar tamu. A 2018 masu bincike suka ba da rahoton cewa a arewacin babban tsaunin murjani na tekun Ostareliya, fiye da 99 cikin 100 na matasan wani irin kunkurun teku mata ne, saboda rairayin gaɓar ya ƙara zafi.

Namu ma ba a cikin kwanciyar hankali yake ba. A 2021 ƙungiyar IUCN, mai lissafin halittun da ke neman ƙarewa, ta sa babban kunkurun nan cikin waɗanda ke cikin haɗari, saboda kiwo da noma sun cinye mazauninsa, ga kuma masu kwasowa suna sayarwa. Dabba ce mai iya wuce shekara 70. Na fadar Ogbomosho a jihar Oyo, wanda ake kira Alagba, da ya mutu a 2019, mutanen garin sun ce shekararsa 344, masana dai ba su yarda da wannan lissafi ba. Balagaggiyar mace ɗaya da aka ɗauko daga daji, a lissafa ƙwai ashirin-ashirin na shekara talatin ko arba'in da ba za su shiga ƙasa ba. Wanda yake da shi a gida ya riƙe amana, wanda ba shi da shi ban ga dalilin aika mafarauci ba.

Bayan duk wani taɓi, a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci ko a ɗauki jariri. Dangin nan suna ɗauke da ƙwayar cuta mai sa zawo da zazzaɓi, su ba ta damunsu. Saboda ita ne Amurka ta hana sayar da ƙananan da ba su kai inci 4 ba tun 1975, don yara suna sa su a baki. Wannan ya shafi masu jefa kififfiya a rijiyar sha wai tana tsabtace ruwa. Inda take ci nan take kashi.

Ranar Alhamis da ba makaranta na bi yarinyar nan da yayanta gidan kakarsu, da rula a aljihu. Na gaida Hajiya, ta ce, "Malam, kai ma ka zo ganin abin al'ajabin?" Muka ɗaga gefe a inuwar lemon. Wutsiya 'yar guntuwa, mafita daf da jiki, rula ta zauna daram, ƙofar baya nun-arau sak. Na tambayi shekarunta a gidan, Hajiya ta ce goma sha ɗaya, kuma ba ta taɓa haɗuwa da wani ba, shi ya sa ƙwai goma sha bakwai ɗin nan ko ɗaya bai fashe ba. Na roƙa a bar mata gindin lemon kada a shafe shi da siminti, Hajiya ta yarda. Sunan namijin kuwa ta ce ba za ta canja ba, dabbar ta riga ta saba.